Hasan Fathi: Gwanin da Ya Mayar wa Ginin Ƙasa Martabarsa

A ƙarni na ashirin, manyan masu zanen gine-gine na duniya sun yi rige-rige ne wajen ƙarfe da gilashi da kankare. Daga Jamus da Faransa har zuwa Amurka, almajiran Le Corbusier da Walter Gropius sun yarda cewa an shiga sabon zamani, kuma gini iri ɗaya zai dace da kowace ƙasa, mai sanyi ce ko mai zafi. Ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka su ma suka bi sahu, har siminti ya zama alamar ci gaba, ginin ƙasa kuma ya zama alamar talauci da ƙauyanci.

A daidai wannan lokaci wani ɗan ƙasar Masar, wanda shi ma ilimin Turai ya yi, ya tsaya a kan wata tambaya da 'yan uwansa masana ba su damu da ita ba: manomin da ba zai taɓa iya sayen siminti da rodi ba, a wane irin gida zai raini 'ya'yansa? Sunansa Hasan Fathi. Ya yi fiye da shekara sittin yana neman amsa, ya zana ayyuka kusan 160, ya sha tsangwama daga gwamnati da 'yan kwangila, babban aikinsa kuma ya tsaya ba a gama ba. Amma yau duk inda ake maganar gini mai rahusa, mai sanyi ba tare da na'ura ba, wanda mai shi zai iya ginawa da hannunsa, sai an ambaci sunansa.

Ɗan birni ya ga ƙauye

An haifi Hasan Fathi a birnin Iskandariyya ranar 23 ga Maris, 1900, a gidan wadata. Yana yaro iyalin suka koma Alƙahira. Mahaifinsa yana da gonaki, amma ba ya ƙaunar karkara ko kaɗan. A wurinsa ƙauye matattarar ƙuda ce da sauro da gurɓataccen ruwa, don haka ya hana 'ya'yansa zuwa. Mahaifiyarsa kuwa ta yi ƙuruciyarta a karkara, kullum tana ba su labarin daɗinta. Yaron ya tashi da son abin da bai taɓa gani ba, har ya nemi shiga makarantar koyon aikin gona. Bai ci jarrabawa ba, sai ya koma makarantar injiniyoyi da ke Giza, wadda yanzu take cikin Jami'ar Alƙahira, ya gama a 1926. Abin da aka koya masa salon Faransa ne zalla, babu ko darasi ɗaya a kan yadda manomin Masar yake gina gidansa. A 1930 ya fara koyarwa a kwalejin fasaha ta Alƙahira.

Aikinsa na farko makaranta ce a garin Talkha, a gaɓar Kogin Nilu daura da Mansura. A kusa da nan akwai ɗaya daga cikin gonakin gidansu, sai ya ce bari ya leƙa. Yana da kimanin shekara 27 a lokacin, kuma abin da ya gani ya girgiza shi. Manoman da ke noma wa iyalinsa arziki suna kwana a 'yan akurki masu duhu, babu taga, babu makewayi, babu ruwa mai tsabta, mutane da dabbobi wuri ɗaya. Ya matsa wa iyayensa a sake musu gini. Da ya zauna yin lissafi sai ya ga kome ya ƙi: da siminti da ƙarfe da katako, babu yadda za a yi a gina wa miliyoyin manoman Masar gidaje, ko da gwamnati ta zuba duk abin da ta mallaka. Abu ɗaya ne kawai manomi yake da shi kyauta, wato ƙasar da yake takawa.

A 1937 ya baje kolin zane-zanen gidajen bulon ƙasa a Mansura. Mutane sun yaba da kyansu, amma masu kuɗi kaɗan ne suka ce a gina musu. Dalili kuwa rufi ne. Bango na ƙasa ba ya cin kome, amma da an zo rufi sai an sayi katako, katako kuma a Masar daga ƙasashen waje ake kawo shi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, katako da ƙarfe suka yanke gaba ɗaya, gine-gine suka tsaya cak.

Abin da maginan Nuba suka adana

Fathi ya san cewa mutanen dā sun yi rufi da bulon ƙasa. Matsalar ita ce yadda aka koya masa yin rufi mai lanƙwasa: sai kafinta ya fara harhaɗa tokari na katako, a jera bulo a kai, in ya bushe a cire. Wannan tokarin kuwa ya fi ƙarfin talaka. A 1941 ƙungiyar manoma ta masarautar Masar ta ba shi aikin gina gidajen gona a Bahtim, kusa da Alƙahira. Ya sa magina su gwada rufin ba tokari. Rufin ya rufta.

Wansa, wanda injiniya ne a tsohuwar madatsar ruwa ta Aswan, shi ya gaya masa cewa mutanen Nuba a kudancin ƙasar har yanzu suna rufe ɗakunansu da ƙasa, ba katako ko guda. Fathi ya shiga jirgin ƙasa ya nufi Aswan. A ƙauyen Garb Aswan, a hayin kogi, ya tarar da gidaje masu tsayi da fāɗi da tsabta, masu ado a bakin ƙofa, an rufe su da bulon ƙasa, kuma talakawa ne suka gina abinsu. A maƙabartar Faɗimiyawa ta Aswan ya ga ƙubbobin da suka haura shekara ɗari takwas. A gidan ibadar Kiristoci na Anba Sam'an ya ga irin rufin yana ɗauke da bene. A Luksor kuma ya ga rumbunan hatsi na haikalin Fir'auna Ramsis na Biyu, rufinsu na ɗanyen bulo yana tsaye bayan fiye da shekara dubu uku.

Ya ɗauko magina daga Aswan ya kai su Bahtim, ya zauna yana kallo. Kayan aikinsu gizago ne da hannu. Da farko sukan ɗaga bangon ƙarshen ɗaki ya fi na gefe tsawo, su zana siffar baka a jikinsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ba awo ba igiya. Bulonsu daban ne: fale-fale, marar nauyi, an yawaita masa ciyawa, an ja layi biyu da yatsa a fuskarsa tun yana ɗanye don yaɓe ya kama. Sai su kafa bulon a tsaye, su jingina shi da wancan bango, layi na biyu ya jingina da na farko, na uku da na biyu, kamar yadda almajirai ke jingina alluna a bangon tsangaya. Kowane layi yana ƙara hawa har bangarori biyu su haɗu a sama. Saboda jinginar, babu bulon da ke rataye a iska, nauyin duka yana gangarawa ne zuwa bango, ƙasa kuwa tana jure dannewa ko da ba ta jure ja. Magina biyu sukan rufe ɗaki cikin yini ɗaya da rabi.

A nan rayuwar Fathi ta juya. Ya gane cewa gida sukutum, daga harsashi har rufi, zai iya fitowa daga ƙasar da aka tona a filin. Ya kuma gane cewa ilimin da ya rasa a jami'a yana hannun mutanen da ba su iya karatu ba. Bai ji kunyar zama almajirinsu ba, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana ambaton su a matsayin malamansa.

Masu ido da kwalli ba su yi murna ba. Lokacin da ambaliya ta rushe ƙauyen Izbat al-Basri kusa da Alƙahira, ya gina wa ƙungiyar agaji ta Jinjirin Wata gida ɗaya na gwaji, mai fāɗi, a kan kuɗi kaɗan. Kwamitin ƙungiyar ya bar shi ya zaɓi gidajen kankare masu tsada ninki-ba-ninki. Wannan shi ne karon farko da ya ga cewa rahusa kanta tana da abokan gāba, domin inda babu siminti da rodi, ɗan kwangila ba shi da abin ci.

Iska da inuwa

Bayan maginan Nuba, makarantarsa ta biyu ita ce tsofaffin gidajen Alƙahira na zamanin Mamluk da Usmaniyawa. Ya auna su ɗaki-ɗaki don ya gane dalilin da suke da sanyi a tsakiyar bazara. Ya ga tsakar gida tana tara sanyin dare ta riƙe shi har hantsi. Ya ga malƙaf, wani dogon bututu da ke saman gini yana fuskantar arewa, inda iska mai sanyi ke fitowa, yana kamo ta ya sauko da ita cikin ɗaki. Tsakiyar babban zauren baƙi kuma an ɗaga rufinta sama an bar kafofi, iska mai zafi ta fice ta can. Ya ga mashrabiyya, tagar da aka saƙa da ƙananan sassaƙen itace, wadda ke tace hasken rana, ta bar iska ta wuce, ta kuma suturta na ciki daga idon na waje.

Fathi bai ɗauki waɗannan a matsayin kayan ado ba. Ya bi su da lissafi da ma'aunin zafi, domin ya san masu ilimin zamani ba za su saurare shi ba sai da hujjar awo. A 1964 aka gina ɗakunan gwaji da kayan gini iri-iri a cibiyar binciken gine-gine ta Alƙahira. Ɗakin bulon ƙasa mai kaurin bango rabin mita, zafin cikinsa bai motsa fiye da digiri biyu ba dare da rana. Ɗakin kankare kuwa da rana ya fi waje zafi. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin ya ratsa zuwa ciki dare ya yi. Wannan shi ya sa ya cancanci a kira shi ɗan zamani na gaskiya: ya ɗauki abin da kakanni suka sani da gwaji, ya tabbatar da shi da kimiyya, ya gyara inda yake da rauni.

Sabuwar Gurna

A yammacin Nilu, daura da Luksor, akwai tsaunin da fir'aunoni da fadawansu suka haƙa kaburburansu. A kan waɗannan kaburbura mutanen Gurna suka gina gidajensu, wasu ma a cikin kogunan suke zaune. Sun kai mutum 7,000. Wasunsu leburorin masu tonon kayan tarihi ne, wasu kuma an daɗe ana zarginsu da tono a ɓoye suna sayar wa dillalai. Da aka wayi gari an yanke wani zane sukutum daga jikin dutse an yi gaba da shi, sai hukumar kula da kayan tarihi ta yanke shawarar tayar da garin baki ɗaya. Lissafin gina sabon gari da siminti ya fi ƙarfin aljihunta, sai aka tuna da mai ginin ƙasa. A 1945 aka ba Fathi aikin, aka sayi fili eka hamsin a cikin gonaki, ba nisa da manyan gumakan nan biyu na Memnon.

Ya ƙi yin abin da hukumomi suka saba, wato zana gida ɗaya a maimaita shi sau ɗari tara a jere. A ganinsa kowane iyali da girmansa da sana'arsa da halinsa, don haka kowane gida da zanensa. Ya binciki dangantakar mutanen, ya raba garin unguwa huɗu bisa zuriyoyinsu, ya tara gidajen 'yan uwa kewaye da ɗan fili inda za a yi biki da zaman makoki. Manyan hanyoyi suka raba unguwanni, lunguna kuma ya sa suka riƙa karkacewa don su samu inuwa. Kowane gida da tsakar gidansa, da ɗakin baƙi, da turken dabbobi da aka ware daga makwancin mutane. Don sanyin hunturu, ya kwaikwayo wani irin murhu da ya gani a ƙasar Ostiriya, wanda ke gasa gurasa ya kuma ɗumama ɗaki.

Ya fara da gine-ginen jama'a, don yana tsoron in ya bar su ƙarshe kuɗi za su ƙare: masallaci mai ƙubba, kasuwa mai rumfuna, masaukin fatake da masu sana'a, ɗakin taro, dandalin wasanni, makarantar maza da ta mata. A makaranta ya sa bututun kamo iska, ya rataye tulun ruwa a ciki yana ɗiga kan gawayi, iska ta ratsa ta jiƙaƙƙen gawayin kafin ta shiga aji. Ya ba da rahoton cewa zafin ajin ya sauka da kusan digiri goma.

Tunaninsa bai tsaya a bango ba. Ya san in an raba mutane da kaburbura dole a ba su abin yi, sai ya shirya koyar da saƙa da ginin tukwane da sauran sana'o'in hannu. Ya buɗe horon magina don samarin garin su koyi rufin Nuba. Ko kududdufin da za a bari bayan an ɗebi ƙasar bulo bai manta da shi ba. Tsargiya ta addabi manoman Masar, ƙwayar cutar kuma a jikin dodon koɗi take girma cikin ruwan kwance. Sai ya tsara a mayar da kududdufin tafki mai mashiga da mafita, wanda za a iya tsarewa a zuba magani, yara su yi iyo lafiya. Ginshiƙin shirin duka shi ne aikin gayya: mutum ɗaya ba zai iya gina gida ba, amma mutum goma za su gina gida goma. Ya so a dawo da zaman da aka rasa tsakanin mai gida da magini da mai zane, su ukun su yi shawara a bakin aiki.

Sai dai gari bai tafi yadda ya so ba. Mutanen Gurna ba su nemi a tashe su ba, kuma ba wanda ya shawarce su kafin a yanke hukunci. A kan tsauni suke samun abinci, daga baƙi masu yawon buɗe ido da aikin tono. A sabon wurin kuwa ba su da gonar kansu. Suka ƙi aikin gayya, aka koma biyan lebura. Ofisoshin gwamnati suka riƙa jan ƙafa: kuɗin ma'aikata ya makara, ciyawar bulo ma sai an bi ta takardu wata da watanni. A 1947 annobar kwalara ta auka wa Masar. Ruwa ya fasa shingen da ke kare filin ya malale garin, Fathi kuma ya yi zargin da gangan aka fasa. Zuwa 1948 aikin ya tsaya, ƙaramin kashi kawai aka gina na abin da aka tsara.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba duk laifin na wasu ne ba. A kudancin Masar mutane da yawa sun saba ganin ƙubba a kan kabarin waliyyi ne, ba a kan ɗakin kwana ba, sai ransu bai kwanta da ita ba. Bai kai famfo cikin gidaje ba, ya bar shi a wurin taruwa don kada mata su rasa wurin haɗuwa, alhali da yawansu sun fi son ruwa a gida. Gida mai ƙubba yana da wuyar ɗora wa bene in 'ya'ya sun girma sun yi aure. Mutumin da ya fi kowa kiran a saurari talaka, shi ma wani lokaci ya zaɓa wa talaka abin da yake ganin ya fi masa. Darasin Gurna ke nan mafi girma: kome kyan zane, ba ya maye gurbin yardar masu zama.

Ƙaura da dawowa

Daga 1949 zuwa 1952 ya shugabanci sashen gina makarantu na ma'aikatar ilimi, daga 1954 kuma ya shugabanci sashen zanen gine-gine a kwalejinsa. Ya gina makarantar ƙasa a ƙauyen Faris, tsakanin Luksor da Aswan, amma jami'ai suka yaɗa cewa ta fi ta siminti tsada, abin da ya ƙaryata. Ransa ya ɓaci, a 1957 ya bar ƙasar ya tafi Atina ta Girka, ya shiga kamfanin mashahurin mai tsara birane Doksiyadis. A can ya yi aiki a kan gidajen jama'a na Iraƙi da Pakistan, ya kuma zagaya biranen Afirka da dama yana nazarin yadda mutane ke zama.

Bayan ya dawo gida a farkon shekarun 1960, aka ba shi wata damar. An gano ruwa a ƙarƙashin hamada kudu da Kharga, gwamnati ta so kafa sabon garin manoma mai suna Baris don iyali 250. Zafin wurin a bazara yakan kusa digiri 50, babu lantarki, amfanin gona kuma yana bukatar wurin ajiya mai sanyi. Fathi ya zana kasuwa mai jerin bututun kamo iska da ɗakunan ajiya a ƙarƙashin ƙasa, inda zafi ya sauka da kusan digiri 15. Masana da yawa suna ganin wannan kasuwa ita ce ƙololuwar gwanintarsa. Yaƙin 1967 tsakanin Larabawa da Isra'ila ya tsayar da aikin, ba a koma kansa ba.

Wani zai yanke ƙauna a nan. Shi kuwa sai ya fito da labarin Gurna a rubuce, da nasara da faɗuwa, da lissafin kuɗin bulo da sunayen magina. Ma'aikatar al'adu ta Masar ta buga littafin a 1969, aka fassara shi da Faransanci a 1970, sannan a 1973 Jami'ar Shikago ta sake buga shi da sunan Architecture for the Poor. Shekarar ce farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, duniya ta farga cewa ginin gilashi mai shan lantarki ba kyauta ba ne. Nan da nan littafin ya zaga jami'o'i. Gidansa da ke Darb al-Labbana, wani tsohon gini a gindin ganuwar Salahuddin, ya zama makaranta. Matasa daga Turai da Asiya da Afirka suna zuwa shan shayi suna sauraron tsoho.

A 1980 aka ba shi lambar girma ta musamman ta Aga Khan a Lahor, shi ne na farko da ya samu. A shekarar kuma yana cikin waɗanda aka fara ba lambar Right Livelihood a Suwidin. A 1984 ƙungiyar masu zanen gine-gine ta duniya ta ba shi lambarta ta zinariya. Yana da shekara tamanin ya tafi jihar New Mexico ta Amurka tare da maginan Nuba biyu, ya koya wa ɗaruruwan mutane rufin ƙasa, suka gina masallacin Darul Islam a Abikiyu. Abin baƙin ciki ɗaya ya bi shi har ƙarshe: yawancin gidajen da aka kammala da zanensa na attajirai ne da masu fasaha, su ne suka ga kyan abin da aka yi domin talaka. Ya rasu a Alƙahira ranar 30 ga Nuwamba, 1989. Bai bar ɗa ba. Zane-zanensa da takardunsa suna ajiye a Jami'ar Amurka da ke Alƙahira.

Abin da ya bari

Sabuwar Gurna ta sha wuya bayansa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, babu magudanai, gishiri ya ci harsashin gidaje, mazauna da yawa suka rushe suka yi benen kankare. A 2009 hukumar UNESCO ta fara shirin ceto, daga baya aka gyara masallaci da masauki da dandali. Tsohuwar Gurna ma ba ta tsira ba, gwamnati ta rushe ta daga 2006, kusan shekara sittin bayan yunƙurin farko.

Amma gādon Fathi ya fi ƙauye ɗaya. Almajirinsa Abdulwahid al-Wakil, wanda ya bar salon Turai ya yi shekaru a gabansa, shi ya zana sabon ginin Masallacin Ƙuba da na Ƙiblataini da na miƙatin Zul Hulaifa a Madina, da bulo da ƙubbobi bisa tafarkin malaminsa. Duk alhajin da ya yi nafila a Ƙuba ya tsaya a ƙarƙashin rufin da tunanin Fathi ya haifa.

Dabarar Nuba kuma ta iso yankinmu. Wasu matasa da suka yi aiki da shi a farkon shekarun 1970 sun kafa ƙungiyar Development Workshop, wadda daga 1980 ta shiga koya wa maginan Nijar gini ba da itace ba, aka fara daga Cikal a yankin Filinge, aka kai har Iferwan a tsaunukan Ayar. Dalilin a fili yake: fari ya cinye itatuwa, azara ta yi wuya ta yi tsada, kwano kuma ga zafi ga kuɗi. A 2000 aka kafa wata ƙungiyar rufin Nuba a Boromo ta Burkina Faso, wadda ta horar da magina a can da Mali da Senegal da Benin da arewacin Gana. Francis Kere, ɗan Burkina Faso da ya gina makarantar ƙauyensu Gando da bulon ƙasa da aikin gayya, ya ci babbar lambar Pritzker a 2022, shi ne ɗan Afirka na farko. A Dandaji ta Nijar, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen bulon ƙasa, tare da maginan garin. Hanyar da Fathi ya share shi kaɗai, yau ayari ke bin ta.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakunan Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na sha tara. Falke Barmu ya gina masallacin Yama a jihar Tawa, aka ba shi lambar Aga Khan a 1986. Muna da tubali da daurin guga da makuba da sarautar Sarkin Magina. Abin da muka rasa shi ne irin abin da Fathi ya yi: mai ilimin jami'a ya durƙusa gaban magini ya koya, ya auna, ya gyara harsashi don ruwa kada ya ci, ya inganta yaɓe don damina, ya rubuta don na baya. Ruwan samanmu ya fi na Luksor yawa nesa ba kusa ba, saboda haka kwafar zanensa kai tsaye ba za ta yi ba. Tafarkinsa ne abin ɗauka.

Hasan Fathi bai gama garin da ya fara ba, bai kuma ga manoman Masar sun koma ga abin da ya kira su gare shi ba. Amma ya tabbatar da awo da aiki cewa talauci bai wajabta wa mutum zama a mummunan gida ba, kuma ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta isa ta ba shi inuwa da sanyi da mutunci. Ya rage ga jami'o'inmu da ma'aikatun gidaje su nemo tsofaffin maginan da suka rage a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram da Agadas, su haɗa su da ɗalibai tun suna raye, a gina makarantu da asibitoci da wannan ilimi kafin a binne shi tare da masu shi.